Yadda muke takawa zuwa gindin Kufena bayan an watse daga zaman makoki

Ranar sadakar uku aka naɗe tabarmin ƙofar gidanmu, aka mayar da butocin da aka aro a masallaci, kowa ya kama gabansa. A daren nan ne na san ƙanena ya tafi da gaske. Kwana ukun jama'a ne suka riƙe ni. Daga nan sai ni da ɗakinsa, da takalmansa a bakin ƙofa.

Wani maƙwabcina tela, wanda matarsa ta rasu shekara 2 kafin nan, shi ya yi mini sallama wata Asabar bayan asuba, ya ce, "Malam, sa takalminka mu ɗan taka." Muka nufi Dutsen Kufena da ke Zariya, ta wajen Wusasa. Yau mu bakwai ne. Ga yadda muke yi, ko wani zai gwada a garinsu.

Ka fara da mutum ɗaya ko biyu da ka san suna ɗauke da irin wannan nauyin. Kada ka yi shela. Ka je ƙofarsa da kanka, kuma kada ka ce "zo mu je ka huce", ka ce kawai kana neman abokin tafiya. In ya ƙi, ka koma mako mai zuwa. Kada ku haura mutum takwas, domin da zarar an yi yawa sai hira ta koma siyasa da tsadar masara. Mata su yi tasu tawagar, kuma wadda ke cikin takaba a jira ta ta cika wata 4 da kwana 10, sannan 'yan uwanta mata su gayyace ta.

Lokaci: bayan sallar asuba, da gari ya ɗan yi haske, ku dawo kafin rana ta yi zafi. Awa ɗaya da rabi ta isa. Ku zaɓi hanyar da manoma ke bi kullum, kusa da gari, ku faɗa wa mutanen gida inda kuka nufa. Da halin da ake ciki na tsaro, daji mai nisa ba namu ba ne. Ruwa, ɗan dabino, rufaffen takalmi saboda macizai da damina, rigar sanyi da hunturu. Ku gai da mai gona, kada ku taka masa shuka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne shirun farko. Mun yi ƙa'ida cewa daga bakin gari har inuwar wata tsamiya, kamar minti 20, ba mai magana. Mai tasbihi ya ja a zuciyarsa. Da farko shirun yana da nauyi, amma sai kunne ya buɗe, ka ji kukan kurciya, ka ji sawun na kusa da kai. Bayan tsamiyar, wanda ya ga dama ya yi magana. Na lura namiji ba ya iya faɗin abin da ke cinsa in ana kallon idonsa, amma in kuna tafe kafaɗa da kafaɗa, kowa na duban hanya, sai maganar ta fito da kanta. A haka na fara ambaton sunan ƙanena da ƙarfi, bayan wata biyu ina ce masa "marigayi".

In wani ya fara, kada ka tare shi da "sai haƙuri". Ya ji ta sau ɗari a kan tabarma, kuma ya karɓa. Ka tambaye shi game da mamacin: wane irin mutum ne? Me yake so ya ci? In ya yi kuka, ku rage sauri, kada ku tsaya ku zagaye shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, don haka babu wanda zai ce maka hawaye rashin tawakkali ne. Abin da aka faɗa a hanya kuma, a hanya yake tsayawa.

Ku riƙa bin hanya ɗaya, domin ku ga yadda take sauyawa. Akwai wani gawo da muke wucewa. Da damina, lokacin da komai ya yi shar, shi kaɗai ke tsaye ba ganye, sai rani ya shigo sannan ya yi kore. Dattijon cikinmu, wanda ya binne 'ya'ya biyu, yakan dafa shi duk sanda muka zo wucewa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Tafiya ba ta maye gurbin likita. In ka ga wani ya yi watanni ba barci, ba ya cin abinci, ko yana cewa gara ya bi mamacin, kada ka jira Asabar. Ka sanar da danginsa, ku raka shi asibiti a ranar.

A gindin dutsen muke zama, kowa ya ambaci nasa da suna, a yi musu addu'a tare, a raba dabino. Sannan mu juyo, telan ya riga mu sauri don ya buɗe shago.