Yadda Za Ka Lissafa Lokacin Zagayen Tauraron Dan Adam da Kalkuleta

Wannan lissafin na tauraron da ke shawagi daf da doron duniyar da yake zagayawa ne.

1. Nemo cunkoson duniyar, wato giram nawa ke cikin kowane kubik santimita ɗaya. Na Duniyarmu 5.51 ne, na Wata 3.34.

2. Danna √ a kan lambar. Duniya za ta ba ka 2.35.

3. Raba 198 da abin da ya fito. Amsar mintuna ce: Duniya 84, Wata 108.

Ka lura ba mu tambayi girma ba. A kusa da doro, cunkoso kaɗai ke yanke hukunci, ko ƙaramin dutse ne ko ƙatuwar duniya. Girma yana shigowa ne idan tauraron ya ɗaga sama: Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, mai nisan kusan kilomita 400, tana ɗaukar kimanin minti 93.