Me Ya Sa Kajina Suka Rage Ƙwai? Kurakuran Masu Kiwo a Bayan Gida

Yawancin masu zuba kaji 20 ko 30 a bayan gida don samun ƙwai sun taso ne suna ganin kiwon kazar Hausa: a watsa mata tsaba da safe, ta fita tone-tonenta, da magariba ta dawo akurki. Da wannan tunanin ake tarbar kazar gidan gona, irin su ISA Brown ko ShikaBrown wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta samar, kuma daga nan asara ke somawa. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma sha wani abu ta kwanta a kai. Ta gidan gona kuwa an tace irinta ne don ta riƙa ajiye ƙwai kusan kullum, wajen 300 a shekara idan ta samu kulawa. Mai irin wannan aiki ba ta jure canji. Abu kaɗan ya kauce, ita ma ta kauce.

Abinci ne kan gaba. Buhu ya yi tsada, sai mai kiwo ya ce bari ya "ƙara masa auki" da dusa ko ɓarzajjen masara. Buhun zai daɗe, amma ƙwai zai ragu, domin abincin masu ƙwai an auna shi ne: furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100, kalsiyam kusan kashi 4. Ka zuba dusa, ka tsinka duka biyun. Ɓawon ƙwai kusan duka kalsiyam ne, idan kaza ba ta samu a abinci ba sai ta ciro daga ƙashinta. Shi ya sa za ka fara ganin ƙwai mai taushin ɓawo, daga baya kazar ta kasa tsayuwa. Idan kana haɗa abincinka da kanka, kada ka bar garin ƙashi da farar ƙasa ta abincin kaji da firimis, wato haɗin bitamin da ma'adinai.

Yi lissafi tun kafin ka sayo su. Kaza ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 20 ke nan sun haura kilo 2 kullum, buhu mai kilo 25 kwana 11 zai yi maka. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki wannan ba, gara ya ajiye 10 su ƙoshi da ya ajiye 30 su yi ta rama.

Akwai kuma masu gaggawa, su ba 'yan mako 10 abincin masu ƙwai wai don su fara da wuri. Yawan kalsiyam ɗin yana lalata musu ƙoda. A ba su abincin 'yan tsaki har zuwa mako 8, na masu tasowa har wajen mako 17 ko 18, sannan na ƙwai. Canjin ma a gauraya tsoho da sabo na kamar mako guda. Buhu kuma kada ya zauna a ƙasan siminti, musamman da damina. Masara ko ƙulin gyaɗa da ya yi fumfuna guba ne, ko da an ba ka shi rabin kuɗi. Araha ba ta ado.

Ruwa ne abin da aka fi raina wa, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Kaza tana shan kusan ninki biyu na abin da take ci, da bazara ta wuce haka sosai. Ruwa ya yanke mata na wuni ɗaya, za ka ga sakamakon a kiret na kwanaki. A watan Afrilu, a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40, ruwan jarka da ta wuni a rana ba ya shayuwa gare su. A ba su na randa, a canza da tsakar rana.

Zafin nan shi ke tona asirin ginin akurki. An saba yin ɗan ɗaki na bulo, a rufa kwano ƙasa-ƙasa, a bar taga kamar tafin hannu saboda tsoron muzuru. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. Ka gan ta baki buɗe, fukafukai a sake, to ta shiga wahala, cinta zai ragu, ɓawon ƙwai ya yi siriri. Gyaran ba mai tsada ba ne: bango ya tsaya iya gwiwa, sauran a sa raga mai ƙananan ido, a shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon, a ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar. Da hunturu a saki buhu ta ɓangaren da iska ke bugowa, amma kada a toshe ko'ina. Idan ka shiga ka ji warin kashi yana yi maka yaji a ido, shimfiɗar ta jiƙe, a kwashe a zuba sabon ɓuntun shinkafa. Murabba'in mita ɗaya kada ya wuce kaji 5 ko 6, in ba haka ba su fara tsattsagar juna.

Sai maganar haske, wadda masu kiwon gida da yawa ba su taɓa ji ba. Tsawon yini ne ke gaya wa jikin kaza ta yi ƙwai, tana son awa 14 zuwa 16. Yininmu a arewa bai cika wuce awa 12 zuwa 13 ba, saboda haka ana ƙara mata awa 3 ko 4 da ƙwan lantarki. Sharaɗin shi ne lokacin kada ya riƙa sauyawa. Wanda ya jingina da wutar NEPA, yau a kawo gobe a ɗauke, rikita su kawai yake yi.

A nan ne sola ke da rana. Ba a buƙatar inbata ko manyan batura. Ƙwan lantarki ɗaya na LED mai wat 5 ya ishi ɗan akurki, kuma awa 4 na kunna shi wat-awa 20 ne kacal, ƙaramin fanel da ɗan batir sun gama aikin. In gidan yana da sola dama, a ja waya a sa na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta. Na fi son ƙarin ya zama da asuba, su tashi su ci a sanyi, da yamma kuma duhu ya same su a hankali. Batir dai a ajiye shi a waje da akurkin saboda ƙura da tururin kashi, fanel kuma a riƙa goge shi da hunturu, domin ƙura na rage masa ƙarfi sosai. Kada a bar wuta har gari ya waye, kuma kada a ƙara wa masu tasowa haske kafin su kai wajen mako 17. Kazar da aka tunzura ta fara ƙwai jikinta bai cika ba, ita ce wadda bayanta ke fitowa.

Rigakafi kowa ya ce yana yi, amma yaya? Lasota, rigakafin cutar Niyukasil wadda ke murɗe wa kaza wuya ta share akurki cikin kwanaki, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, zafi na kashe ta. An sayo ta an sa a aljihu, an bi rana a kan babur, an zuba a ruwan famfo mai kilorin: an yi aikin banza. A saye ta inda firji ke aiki, a ɗauko cikin ƙanƙara, a hana kajin ruwa na awa ɗaya ko biyu, a haɗa da ruwan rijiya mai tsabta da ɗan garin madara, su shanye kafin awa biyu. Ana maimaita ta, sai a nemi jadawali wajen likitan dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta NVRI da ke Vom tana yin waɗannan allurai, har da na cutar Gamboro.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne sayo zakara a kasuwa a jefa cikinsu. Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in ƙyanƙyasa ake so. Duk tsuntsun da ya shigo gida, ko kyautar suna ce, a ware shi mako biyu. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba, kuma takalmin dillalin ƙwai ma yana iya kawo ta. Ya tsaya a ƙofar gida a miƙa masa kiret. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa a lokaci guda, a kira ma'aikatan dabbobi, ba mahauci ba.

Haka nan ɗabi'ar zuba kafso a ruwa duk sanda kaza ta yi lamo. Maganin yana fita a cikin ƙwan da yaranka za su ci, kwalin kuma yana faɗin kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwan.

Ƙwai a kwashe sau biyu ko uku a rana, a tanadi gurbi ɗaya ga kaji 4 ko 5, a wuri mai ɗan duhu. Wanda ya fashe a ɗauke nan take, don in suka ɗanɗana da wuya su bari. A riƙa rubuta adadin kullum a littafi. Bayan kamar shekara guda suna yi, ƙwan zai ragu, cin abinci kuwa yana nan. Wadda zankonta ya bushe ya koɗe, kuma yatsu biyu ba sa shiga tsakanin ƙasusuwan bayanta, ta daina. A ware irinsu a sayar gab da Sallah ko Kirsimeti, lokacin da tsohuwar kaza ke da farashi, kuɗin ya shiga sayen sababbi.