Warin sokawe a gida: yadda ake gano inda yake fitowa kafin a kira motar kwasa

Da zarar banɗaki ya fara wari, abin da magidanta da yawa ke yi a Birnin Kebbi, Argungu ko Jega shi ne su tuttula Izal, in bai yi ba su kira masu kwasa. A biya kuɗi, a yashe rami, bayan kwana biyu wari ya dawo. Dalili kuwa, cikar rami ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ke kawo wari, kuma ba ita ta fi yawa ba. Kowane sokawe yana samar da iska mai wari ko da jiya aka yashe shi. Aikin mai bincike shi ne ya gano ƙofar da iskar ta samu.

Abin da muke kira sokawe ramuka biyu ne. Na farko tanki ne mai filasta, an raba shi ɗaki biyu, na farkon ya ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Nan bahaya ke kwantawa ƙasa, ƙwayoyin halitta su riƙa narkar da shi, maiƙo ya taso sama. Na biyu ramin tsotsa ne, wanda ake jera bulo da tazara ba filasta, domin ruwan ya shige cikin ƙasa. Narkewar nan ce ke haifar da iska: akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, akwai kuma wadda ba ta da wari amma tana kama wuta. Abu biyu ne ke hana su shiga ɗaki, wato ruwan da ke tsaye a lanƙwasar bututu, da bututun numfashi da ke fitar da su sama da rufin gida.

Idan warin a cikin banɗaki yake

A fara da ruwan lanƙwasa. Ruwan nan da ake gani kwance a gindin tangaran ɗin masai, mai zurfin kusan santimita 5, shi ne murfin. Rariyar ƙasa da wurin wanke hannu su ma kowanne ya kamata a ce yana da nasa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kebbi, da kuma lokacin hunturu da iska ke bushe, ruwan rariya mara zurfi yakan ƙafe cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa banɗakin baƙi, ko ɗakin da mai shi ya yi tafiya, ya fi kowanne wari alhali ba wanda ya shiga. A zuba ruwa lita 2 a kowace rariya, a ja ruwan tangaran, a buɗe taga. In wari ya ɗauke zuwa washegari, an gama. Ɗakin da za a rufe na tsawon lokaci, a ɗiga cokali ɗaya na man gyaɗa a kan ruwan, yana rage ƙafewa.

Wata matsalar tun daga gini take. Masu aikin famfo da yawa, don rage kuɗi ko don mai gida ya matsa, sukan haɗa rariyar wanka kai tsaye da bututun masai ba tare da lanƙwasa ba. A cire murfin rariyar a haska tocila. Idan ba a ga ruwa tsaye ba bayan an zuba, sai baƙin rami, to babu tarko ke nan, wato lanƙwasar da ke riƙe ruwa. Kyankyasai masu fitowa daga rariya da dare shaida ce. Maganinsa a fasa tayil ɗaya ko biyu a sa rariya mai tarko, ba turare ba.

In ana shakkar ta ina warin ke fitowa, a cika leda da ruwa a ɗaure bakinta, a ɗora a kan rariya ta toshe ta ruf, a rufe ƙofa a kwana. Kowane dare a gwada rariya ɗaya. Idan an toshe duka wari bai tafi ba, a duba bayan tangaran, inda ya haɗu da bututu mai inci 4. Robar da ke haɗa su takan bushe ta tsage, musamman in tangaran ɗin yana motsi idan an zauna. A jijjiga shi da hannu. Danshi ko baƙin layi a gindinsa yana nufin a sake roba, a kafa shi da kyau.

Bututun numfashi

Wannan shi ne abin da aka fi rainawa. A kwara bokiti guda na ruwa a tangaran lokaci ɗaya, a kasa kunne a rariya. Idan ta yi ƙul-ƙul, ko ruwan da ke cikinta ya ragu, iska ba ta samun hanya, don haka ruwan da ke wucewa yana zuƙe ruwan tarko. Ko dai babu bututun numfashi, ko ya toshe. Zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a bakin bututun, tsuntsaye su cusa ciyawa, ƙurar hunturu da yanar gizo su liƙe ragar. A hau a duba, a zura waya, a sake ɗaura ragar sauro.

Tsawonsa ma magana ce. Bututun da aka tsayar daidai kan mutum a jikin katanga, ko ƙarƙashin taga, cikin gida yake zubo da wari. Alamarsa ita ce wari a tsakar gida da magariba da asuba, lokacin da iska ta kwanta, daidai sa'ad da iyali suka shimfiɗa tabarmi a waje saboda zafi. A ƙara shi ya wuce rufi da kamar rabin mita, kuma kada faɗinsa ya gaza inci 2. Inci 3 ko 4 ya fi jan iska.

Sai a zagaya kan silab. A duba murfin tanki da na ƙananan cambobi, wato 'yan ramukan da bututu ke haɗuwa a ciki, a nemi tsagewa, a shafe da siminti. Murfin dubawa kuwa a liƙe shi da kwaɓi mara ƙarfi, yadda za a iya ɗagawa gaba.

Duba cikin tanki

A buɗe murfi, a ja da baya, a bar shi ya sha iska. Kada a kunna ashana ko sigari, kada a zura kai, kada kowa ya shiga ko da wani ne ya faɗa. Iskar mai warin ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take zama, kuma idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi. Sau da yawa mai shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Ruwan tanki ya kamata ya tsaya daidai ƙasan bututun fita. In ya rufe bututun, ko dai bututun ya toshe, ko ramin tsotsa ya daina sha. In ya yi ƙasa sosai, tankin na yoyo, kuma gidan da ke da rijiya a kusa ya ɗauki wannan da muhimmanci: ana son aƙalla mita 15 tsakaninsu, mita 30 ya fi kwanciyar hankali. Don auna laka, a naɗe farin tsumma a doguwar gora, a zura har ƙasa, a jira minti biyu a zaro. Idan baƙin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin kwasa ya yi. A gaya wa masu motar su bar 'yar laka kaɗan a ƙasa, ita ce irin da zai ci gaba da narkarwa.

Gidajen da ke kusa da fadamar Rima da sauran wurare masu kwari suna da tasu matsalar. A watan Agusta da Satumba ruwan ƙasa yakan taso ya cika ramin tsotsa, masai ya riƙa jinkirin tafiya, ƙasa ta yi laushi da wari a gefen silab. Wanda ya kira mota a wannan lokaci ruwan ƙasa yake biya a kwashe masa, zai kuma dawo. A kawar da ruwan indararo daga kan ramin, a rage wanki a layin, da rani kuma a yi sabon ramin tsotsa mai faɗi mara zurfi, wanda gindinsa ke sama da ruwan damina da kamar mita 1.5.

Famfas, audugar mata, leda da tsumma ba sa narkewa, su ke toshe bututu. Yawan Hypo da Izal, kalanzir da baƙin mai suna kashe ƙwayoyin da ke aikin, laka ta yi saurin taruwa. Kabaid, sinadarin nan na masu walda, da wasu ke zubawa wai ya cinye bahaya ya fi duka haɗari, domin idan ya haɗu da ruwa iska mai fashewa yake fitarwa, a cikin ramin da yake a rufe.