Yadda ake sassaben zamani ba tare da gona ta zama ta itace iri ɗaya ba

Itatuwan da suka cika gonakin gero tsakanin Maradi da Damagaram, mafi yawansu ba wanda ya dasa su. A 1983 ne Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki a Maradi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara toho ne na tsofaffin kututture da ke nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sassaben zamani, wato barin irin wannan toho a gona ana gyara shi har ya zama itace, ya bazu, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5. Yadda ake riƙe adda ba sai na koya wa manomi ba. Inda sababbin shiga ke faɗuwa shi ne wajen zaɓe: mutum ya ji ana yabon gawo, sai ya bar gawo kaɗai ya share sauran, daga baya ya zo yana cewa iska har yanzu tana binne masa shuka.

Da farko, ka ajiye adda a gida ka zagaya gonar. Ka yi wannan bayan girbi, lokacin da toho ke bayyane kuma ganye bai gama zuba ba, don ka gane kowane iri. In ba ka san sunan wani ba, tambayi dattijo ko makiyayi, sun fi malamin gona sanin wannan. Ka lissafa iri nawa kake da su, ba guda nawa ba. Gonar da ke da kututture talatin na iri shida ta fi mini mai ɗari na iri ɗaya.

Sai zaɓe, kuma a nan zan daɗe. Kowane itace da aikin da yake yi wa ƙasa, kuma ba wanda ya haɗa su duka.

Gawo shi ne na taki. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, yana kuma cikin itatuwan da saiwarsu ke ƙara wa ƙasa sinadarin nan da muke saye a buhun yuriya. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, 'ya'yansa kuma abinci ne da har kasuwa ake kai shi. Amma gawo dogo ne, iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Aikin tare iska a ƙasa na gajeru ne, wato sabara da kalgo da geza, waɗanda kowa ke raina wa yana ƙonewa. Duba gindin sabara za ka ga tudun ƙasa mai laushi: rairayin da iska ta kwaso ne da ganye suka taru. Wani bincike a Senegal ya nuna cewa saiwar sabara tana ɗago ruwa daga can ƙasa da dare, har geron da ke kusa da ita ya samu ya sha a lokacin fari. Ni dai dokata, ko gona ƙarama ce, kada sabara da kalgo su kasa rabin abin da ka bari.

Bayan su sai na ci da na kiwo. Aduwa tana riƙe ganye lokacin da daji ya bushe. Magarya tana ba yara abin tsinka da ɗari. Anza kuwa, wanda ya ji labarin shekarun yunwa ya san yadda ta ciyar da mutane. In ka yi sa'ar ɗan tsiron kuka ko ɗorawa, kewaye shi da ƙaya nan take.

Akwai dalilin cakuɗawa da ba a cika faɗa ba, shi ne fure. Gawo yana fure a farkon rani, ɗorawa da kaɗanya su biyo baya, kuka sai gab da damina. In iri ɗaya ne a yanki, zuma ta ci na wata guda sannan ta tashi. In sun cakuɗu, ba ta rasa abin ci, kuma ita ce ke kai ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan har ya yi 'ya'ya. A kudancin Burkina Faso an gano cewa kaɗanyar da ke tsakanin itatuwa iri-iri ta fi samun wannan hidima. Furen kuka da na ɗorawa kuwa jemagu ne ke bin su da dare, saboda haka a hana yara harbinsu da danƙo.

Dalili na biyu shi ne ciwo. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta kama dogonyaro a Nijar, itatuwa suka dinga bushewa daga sama, kuma wuraren da aka jera shi kaɗai su suka fi shiga fargaba. Ƙwaro ko cutar da ke son iri ɗaya, in ta gama da wannan ta tarar da wani iri a gaba, tafiyarta ta ragu. Ba a haɗa ƙwai duka a kwando ɗaya a kai kasuwa.

Wurin da kowanne ya tsaya ma abin dubawa ne. Masu inuwa mai duhu, irin tsamiya da dogonyaro, a bar su a iyaka ko bakin hanya. Tsakiyar gona ta gawo ce da gajeru. Turare kuwa ban yarda da shi a gonar abinci ba sam, shan ruwansa ya yi yawa. Wanda ya fara sabo ya soma da kamar kututture 40 a hekta, ya ƙara in ya ga garmar shanu tana wucewa ba matsala.

Yanzu sai aski. A kowane kututture ka zaɓi toho uku zuwa biyar mafi miƙewa, ka cire sauran. Ka datse rassan gefe har rabin tsawon sandar, kada ka wuce nan, in ba haka ba iska ko akuya ta karya ta. Adda ta zama mai kaifi, kuma sara daga ƙasa zuwa sama, don sara daga sama yana yage ɓawo. Ɗaura ɗan jan ƙyalle, alamar cewa mai shi ya bar shi da gangan. Abin da ka datse, ganyen ya zauna a gonar, itacen ya tafi murhu. Duk wannan ba ya cin ko sisi sai kuɗin wasa adda.

In akwai irin da ya ɓace a gonarka gaba ɗaya, ba sai ka sayi dashe a leda ba, yawancinsa mutuwa yake a rani na farko. Haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, ka zuba takin awaki, sau da yawa da irin gawo ko bagaruwa a cikinsa. Irin kuka a jiƙa shi da ruwan zafi ya kwana. Na kaɗanya a shuka shi da ɗanyensa cikin 'yan kwanaki, kuma a san cewa shekara 15 ko fiye za a jira.

Ka koma ka sake aski bayan kowane wata uku zuwa shida, kana cire sanda ɗaya a shekara don itacen girki har babbar ta tsaya. Kauci in ya fito a yanke reshen. Batun masu sara da dare da makiyaya masu sassaƙe gawo kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, ku je wurin mai gari da maƙwabtan gona ku yi yarjejeniya tun kafin a saki dabbobi.