Yadda ake ɗinka jaka da guntayen atamfa

Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma da wuya tela ya cinye shi tas. Ragowar da yake cusa miki a leda ta isa ta zama jakar cefane, musamman a nan Ikko da gwamnati ta fara matsa wa ledar yarwa lamba tun watan Yulin 2025. Idan naki ba su isa ba, ki leƙa shagon telan unguwa. A Agege bayan sallah, wani har godiya zai yi miki don kin rage masa shara.

Da farko ki wanke ƙyallayen, kowane launi daban, ki goge. Kada ki tsallake wannan. Wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa, ga ruwan Legas ba ya sallama. Ki ware leshi da yadi mai santsi gefe, ba sa ɗaukar nauyi.

Ki yanka kwali inci 5 tsawo, inci 5 faɗi, ki riƙa ɗorawa kina zanawa da alli. Guda 32 kike buƙata, 16 a kowace fuska. Ki jera su a tabarma huɗu-huɗu, ki yi ta sauya musu wuri har idonki ya gamsu, mai duhu kusa da mai haske. Sai ki harhaɗa layi-layi, kina barin rabin inci a bakin ɗinki. Duk layin da kika gama, ki buɗe bayansa ki danne da dutsen guga. Gugar nan ce ke raba jakar da za a tambaye ki inda kika saya da wadda za a ce “ke kika ɗinka ko?”

Shafi kuwa, tsohon zani mai kauri ya wadatar. Ki yanka biyu daidai girman fuskokin. Ki haɗa fuskokin ciki na kallon waje, ki ɗinke gefe biyu da ƙasa, haka ma shafin, amma ki bar masa kafa ta inci 4 a ƙasa.

Yanzu hannu, inda tawa ta farko ta ba ni kunya. A gadar Oshodi ya tsinke, tumatir ɗin da na sayo a kasuwar Mile 12 ya yi ta gangarawa kan matakala. Ki yanka ƙyalle inci 4 da 24 guda biyu, ki ninka kowanne gida huɗu, ki bi shi da ɗinki sau uku.

Ki juyo jakar mai kyan ya koma waje, ki kafa hannayen a bakinta suna kallon ƙasa, ki zura ta cikin shafin fuska da fuska, ki zagaye bakin da ɗinki. Ta kafar nan za ki juyo ta, sannan ki rufe da allura. Ki sake bin gindin kowane hannu, gaba da baya. Mai shiga danfo, wato bas ɗin haya, ta ƙara zif ko maɓalli, ta kuma ɗinka aljihun waya daga ciki.