In 'yan Rod Sefti suka tare ka a hanya: yadda za ka fita ba tare da ka yi asarar banza ba

Toh 'yan uwa direbobi, musamman masu bin hanyar Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja, bari mu yi maganar nan yau. Da yawanmu da an daga mana hannu sai jiki ya dau rawa, a fara lalube a aljihu, alhali sau tari tarar da ke rubuce a doka ba ta kai abin da mutum zai mika a boye ba.

Na farko dai in aka tsayar da kai, saka sigina ka gangara gefe ka faka, ka sauke gilashi ka yi sallama, sannu da aiki yallabai, shikenan. Kar ka taka totur ka ce za ka tsere, lambar motarka suna gani, kuma laifin da na dubu 2 ne sai ya koma tukin ganganci wanda tararsa naira dubu 50 ce, kotu ma za ta iya hadawa da dauri. Kuma dan Allah bar maganar nan ta "ka san ko ni waye", wallahi ba ta kara komai sai tsawon zama a rana.

Za su nemi lasisi da takardun mota da inshora, su duba taya, su leka ko akwai abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa in mota ta lalace. Ka hada su wuri guda tun daga gida.

Yanzu maganar gudu, don nan ne mutane suka fi musu. A cikin gari kilomita 50 ne a awa, ko titin ya yi fadi kamar filin idi. A babbar hanya karamar mota ta gida 80, in tagwayen hanya ce irin ta gudu 100. Tasi da bas na haya 90 ne karshensu, tanka da tirela kuwa 60, duk da kowa ya san yadda suke wuce mu kamar iska. Jami'an suna da na'urar da suke saitawa ta auno gudunka tun daga nesa, don haka kafin ka hango su ka taka birki an riga an gama da kai, ka roki a nuna maka abin da na'urar ta nuna, cikin ladabi, ba laifi ba ne. Masu motar haya kuma tun 2017 aka fara tilasta saka na'urar kayyade gudu, rashinta laifi ne mai zaman kansa ko da tafiyar hawainiya kake yi.

A jadawalin dokar hukumar ta 2007, gudun wuce sa'a naira dubu 3 ne, rashin daura bel dubu 2, amsa waya kana tuki dubu 4, rashin lasisi ko wanda ya mutu dubu 10, lodin da ya wuce kima shi ma dubu 10. To ka lura da wannan: yunkurin ba jami'i cin hanci shi ma laifi ne a jadawalin, dubu 10. Wato mutum ya yi laifin dubu 2 ya je yana cusa kudi a hannu ya jawo wa kansa ninki biyar, ina dabarar take a nan?

In an rubuta maka takardar tara, karba ka karanta kafin ka bar wurin. Duba sunanka, lambar mota, laifin da aka rubuta da kudin, don in an yi kuskure a lamba daya kai za ka sha zirga-zirga. Kudin ba a hannu ake biya ba, ba kuma a asusun wani mutum ba, ta Remita, wato tsarin biyan kudin gwamnati ta intanet, ake biya ya shiga asusun gwamnatin tarayya, za a fitar maka da lambar biya ka je banki ko ka biya ta waya, ka rike rasit kamar ranka, ka ma dauki hotonsa. Da rasit din za ka koma ofishin da aka rubuta a takardar ka karbi lasisinka ko takardun da aka rike, wani lokaci sai an zaunar da kai an yi maka 'yar lacca kan tuki kafin a sallame ka, ka yi hakuri ka saurara. Ni na taba ba wani dan kamasho da na tarar a bakin get kudi wai zai biya min da sauri, har yau ina jiransa, sai da na sake biya. In motar aka tsare kar ka bar ta ta kwana biyu, kudin ajiya na hawa kullum.

To in kana ganin ba ka yi laifin ba fa? Ba dole ne ka biya ba, kana da damar cewa a kai ka kotu. Shi ya sa lokacin sallah da karshen shekara za ka ga kotun tafi-da-gidanka a bakin hanya, majistare na zaune karkashin rumfa, nan take a saurare ka. Amma ka sani in kotu ta same ka da laifi ba ciniki, kuma kowane laifi yana da maki da ake rubuta wa lasisinka, in suka taru ana iya dakatar da shi. Ga direban haya wannan ya fi tarar ciwo, abincinsa ne.

Sai ka bambance wanda ya tare ka. Rod Sefti ta tarayya ce, tun 1988 take. KAROTA ta jihar Kano ce, Kaduna na da tata, Legas na da LASTMA, kowacce da dokarta da kudinta, kar ka dauko lissafin dubu 3 ka kai wa dan KAROTA. Legas kam a yi hattara, bin wan-we can yana iya sa a kwace motar gaba daya a yi gwanjonta, kuma suna da kyamarori masu daukar lamba, sai dai ka ga sako a waya.

In kuwa abin ya kai ga hatsari, ka tsaya, ka kira 122, lambar gaggawa ta Rod Sefti, a kai wanda ya ji rauni asibiti, in ka ga jama'a za su far maka ka wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. In an rasa rai sanadin tukin ganganci, maganar ta wuce tara, dauri ne da zai iya kaiwa shekara 7, ko da dangin mamaci sun ce sun yafe sai ka nemi lauya tun ranar farko.