A Ingila shara tana da mai ita: jagora ga Katsinawa sababbin zuwa

A Katsina, da an share tsakar gida an cika bokiti, sai a kira almajiri ya kai bola, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Da ya fita zaure magana ta ƙare. Ba mai bin sawu ya ga ko bolar ya kai ko a kwata ya juye, sai damina ta faɗi ruwa ya rasa hanya a fara neman mai laifi. Toka da kashin awaki ma ba a lissafa su cikin shara, taki ne da ake tarawa a kai gona kafin shuka. Wanda ya tashi a haka, idan ya sauka Landan ko Manchesta ko Bamingam, abu na farko da zai gyara a ransa shi ne wannan: a can shara tana barin hannunka amma tana nan a wuyanka, har sai ta isa inda doka ta ce ta je.

Ƙaramar hukuma ce ke kwashe sharar gidaje, ita ce kuma ke cin tara. Kuɗin aikin yana cikin harajin gida da kuke biya. Ɗalibai masu karatun cikakken lokaci an ɗauke musu harajin, amma ba a ɗauke musu bin ƙa'ida ba. Kowace ƙaramar hukuma da tsarinta, har launin mazubin shara ya bambanta. Koren mazubi a wannan gari na kwali da gwangwani ne, a garin da ke maƙwabtaka da shi na ciyawar lambu ne. Don haka kada ka ɗauki bayanin wani ɗan unguwarku ta Kofar Kaura da ke zaune a Lids ka yi aiki da shi a Luton. Ranar da ka karɓi makulli, shiga shafin ƙaramar hukumarka, sa lambar adireshin gidan, zai fito maka da ranar kwasa da abin da ke shiga kowane mazubi. A wurare da yawa mako guda na sharar gama-gari ne, mako na gaba na kayan da ake sake sarrafawa, ka ga idan ka yi kuskure sau ɗaya za ka kwana goma sha huɗu da sharar a gida.

Mazubin mai taya yawanci lita 240 yake ci, wasu garuruwan sun rage na sharar gama-gari zuwa 180 ko 140. Ana fitar da shi bakin hanya da daddare ko kafin ƙarfe shida ko bakwai na safe, a mayar da shi ciki ranar da aka kwashe. Murfi ya rufu ruf. Ledar da aka jingina a gefe masu kwasa ba sa ɗauka a yawancin wurare, kuma kafin gari ya waye yanyawa ko tsuntsayen teku sun farke ta, ƙasusuwan kaza da famfas sun bazu a ƙofar maƙwabci. Abin da ya fi kama sababbin zuwa shi ne gauraya. Famfas ɗaya, ko robar da miya ta bushe a ciki, ko baƙar leda a cikin mazubin kayan sarrafawa, sai ma'aikaci ya ɗaga murfi ya leƙa, ya rataya wa mazubin takarda, mota ta wuce. Dalili kuwa, kwali da takarda in suka sha mai ba sa sarrafuwa, lodi guda na iya lalacewa saboda gida ɗaya. A ɗauraye gwangwanin tumatir da robar madara, a taka kwali ya kwanta. Daga ƙarshen Maris 2026 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila kwashe ragowar abinci daban kowane mako, ko da yake an ba wasu ƙarin lokaci. Ɗan ƙaramin bokitin da za ka tarar a kicin nasa ne.

Kuskuren mazubi dai da sauƙi. Sai an fara aiko da wasiƙar gargaɗi, sannan sanarwar niyyar cin tara da ke ba ka kwana 28 ka yi bayani, kuma a wajen Landan tarar ba ta wuce fam 80. Inda aljihu ke jin jiki gaba ne.

Dokar kare muhalli ta 1990 ta raba laifin gida biyu. Na farko yar da ƙaramin abu a titi. Guntun sigari da cingam suna ciki, haka ɓawon lemo, haka takardar rasit. A watan Yulin 2023 an ba ƙananan hukumomi ikon cin tara har fam 500 a kan wannan, kowace ita ke yanke nata adadin, idan kuma aka je kotu yana iya kai 2,500. Masu cin goro su kiyaye, wasu ƙananan hukumomin Landan suna ɗaukar tofar da yawu a titi a matsayin laifi. Akwai kuma abin da mu a wajenmu lada ne. Bahaushe ba ya son ganin abinci a shara. A gida akwai almajiri, akwai kaji, akwai akuya. A can sai mutum ya ga ragowar shinkafa, zuciyarsa ta ƙi yarda ya zubar, ya kai gindin bishiya ya watsa wa tattabaru da niyyar sadaka. Jami'in hukuma shara zai gani, maƙwabta kuma ɓeraye za su gani. A dafa daidai ciki, saura a sa a firiza. Mai mota shi ma ya ja kunnen fasinjansa, domin idan aka wurgo gora ta taga, hukuma na iya bin lambar motar ta ci tarar wanda sunansa ke kan takardunta ko da ba shi ya jefa ba.

Na biyu shi ne jibge kaya inda ba a yarda ba, kuma a nan mutanenmu suka fi faɗawa ba da mugun nufi ba. Sunan laifin da Turanci, fly-tipping, yana sa mutum ya hango tifa tana juye ɓaraguzan gini a daji, alhali baƙar leda ɗaya a gindin fitilar titi ta isa. Tsohuwar katifa a lungun bayan gida, firjin da aka fitar aka liƙa masa takarda cewa kyauta ne, buhun tufafi da aka ajiye ƙofar shagon sadaka bayan sun rufe, kwalin talabijin da aka jingina a gefen babban mazubin unguwa don ya cika, duk suna iya shiga wannan layi. A 2023 an ɗaga iyakar takardar tara zuwa fam 1,000. A babbar kotu tarar ba ta da iyaka, ɗauri yana kai shekara biyar, kuma ana iya ƙwace motar da aka yi amfani da ita a murƙushe. Alƙaluman gwamnati na shekarar 2023 zuwa 2024 sun nuna ƙananan hukumomin Ingila sun ci karo da irin wannan jibgi sau miliyan 1.15, kashi 60 cikin ɗari kuma sharar gidaje ce, shi ya sa ba sa ɗaukar abin da wasa. Wanda ke Sikotland lissafinsa daban: fam 80 kan yar da ƙaramin abu, 500 kan jibgi.

Ta yaya suke gane mai ita? Dattawa sun tuna duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa ya duba makwarara. Na Ingila ba ya shiga gida, ledar yake jira a waje. Zai sa safar hannu, ya ɗauki hotonta a inda ya same ta, ya farke ta, ya dinga tona ɓawon albasa da ganyen shayi har ya ci karo da ambulan na banki, ko takardar asibiti, ko tambarin adireshi da ke jikin kwalin Amazon. Ya ɗauki hoton wannan ma. Bayan kwanaki wasiƙa ta iso da sunanka, tana neman ka bayyana yadda shararka ta je wurin. Ga kyamarori a lungunan da aka saba jibgewa, ga maƙwabta masu kyamara a jikin ƙararrawar ƙofa, kuma kai rahoto a waya bai fi minti biyu ba.

Sai batun mai ɗaukar kaya, wanda ya kamata a karanta sau biyu. Ka sayi sabon gado, tsohon ya tare hanya. Ka ga talla a Facebook, wani mai motar kaya zai kwashe komai a kan fam talatin, kuɗi hannu. A idonka wannan almajirin bola ne da mota. Ya zo ya loda, ya tafi, ya sami hanyar ƙauye da babu kowa ya juye. Aka sami takarda mai sunanka a aljihun tsohuwar kujera. Doka ta ce nauyi ne a kan mai gida ya tabbatar wanda ya ba shararsa yana da rajistar ɗaukar shara, in bai bincika ba ana iya cin sa tara har fam 600, ko a kai shi kotu, ko da bai san inda aka zubar ba. Binciken kuwa ba wuya. Tambaye shi lambar rajistarsa ta hukumar muhalli (Environment Agency), ta masu wannan sana'a tana farawa da haruffan CBDU, ka sa ta a rajistar da ke shafin hukumar ka ga ko sunan ya yi daidai. Tambaye shi inda zai kai kayan. Ɗauki hoton lambar motar, karɓi rasit, biya ta banki don a sami shaida. Wanda ya fara kame-kame da jin tambayar farko, a sallame shi. Farashin da ya yi arha da yawa shi kansa alama ne, domin mai gaskiya biya yake a wurin da zai sauke. Haka masu yawo neman tsohon ƙarfe: a gida 'yan gwangwan na ƙirga maka kuɗi a hannu, a Ingila dokar 2013 ta hana dillalin ƙarfe biya da tsabar kuɗi.

Hanyoyin halal uku ne. Ƙaramar hukuma tana ɗaukar manyan kaya idan ka yi rajista ka biya, za ta ba ka rana, kuma kada ka fitar da kayan kafin ranar. Akwai bolar hukuma inda mazauna ke kai kaya kyauta, wurare da yawa sai ka kama lokaci ta intanet ka tafi da shaidar adireshi, mai shiga da motar kaya kuma sau da yawa sai da izini. Na uku, idan ka sayi sabon firji ko injin wanki, tambayi kantin ya tafi da tsohon. Ƙona shara a bayan gida, yadda ake cinna wa juji wuta da yamma a gida, a cire shi daga lissafi. Hayaƙin roba na tashi maƙwabta za su kira hukuma.

Uwargida, man suya. Manja da man gyaɗa da kitsen nama kada su shiga magudanar wanke-wanke. Sanyin ƙasar yana daskarar da su a cikin bututu, su haɗu da tsumman goge jarirai su zama dutse. A 2017 an tono irin wannan curi a ƙarƙashin unguwar Whitechapel ta Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250. Tun kafin a kai can, bututun gidan haya zai toshe, mai gida ya cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarku. A bar mai ya huce, a juye a gora, a rufe, a sa a sharar gama-gari ko a kai bolar hukuma. Batir kuma kada ya shiga kowane mazubi, yana kama wuta idan motar shara ta matse shi. Manyan kantuna suna da akwatin karɓarsa. Ragowar magani a mayar kantin magani.

Idan jami'i ya tare ka a titi, nemi ganin katin shaidarsa, wasu ma'aikatan kamfani ne da hukuma ta ba kwangila, yawanci da kyamara a ƙirji. Ba shi sunanka da adireshinka na gaskiya, domin ƙin bayarwa ko bayar da na ƙarya laifi ne na daban da tararsa ke kai fam 1,000. Kada ka miƙa masa kuɗi, kada ma ka ambaci na goro ko da wasa, cin hanci za a rubuta. Takardar tana ba ka kwana 14, ana biya ta intanet ko ta waya, wasu hukumomin suna yin rangwame ga wanda ya biya da wuri. Wanda ya biya ya huta, ba a ɗauke shi wanda kotu ta kama da laifi ba. In kana ganin zalunci ne, rubuta wa hukumar da hujjarka cikin waɗannan kwanaki: rasit, hoton mota, shaidar cewa ba ka gari ranar. Wanda ya jefa takardar a aljihun tebur ya manta kuwa, sammaci ne zai biyo baya, kuma hukuncin kotu yana shiga tarihinsa, ga shi fom ɗin sabunta biza da na neman zama na dindindin suna tambayar ko an taɓa kama mutum da laifi.

Lokacin tashi daga gida a ƙara kula. Ana cikin haɗa kaya ne ake tula ledoji a ƙofa a tafi, wasiƙar hukuma ta je tsohon adireshi, sammaci ya bi ta can, a yanke hukunci mutum bai sani ba. Mako biyu kafin tashi a kama ranar ɗaukar manyan kaya, a sanar da ƙaramar hukuma sabon adireshi, a biya gidan waya su riƙa juyo wasiƙu na wasu watanni, sannan a ɗauki hoton ƙofar gida da mazubai a ranar da aka miƙa makulli.